PlayStation ɗin Birmingham da gidan gem na Gwammaja

Alkawari na yi wa babban ɗana cewa ranar da ya haddace izu biyar zan saya masa PlayStation 5. Yaro ya cika nasa, saura nawa. Wata Asabar a ƙarshen Nuwamban 2024 muka hau bas zuwa tsakiyar Birmingham, wajen manyan kantunan Bullring. Ƙarfe huɗu na yamma amma gari ya riga ya yi duhu, don a wannan lokaci na shekara magariba a nan wajen huɗu take yi. Sanyi yana ratsa ƙashi, ko'ina fitilun Kirsimeti, kowane shago ya manna jar takardar ragi a jikin gilashi. Jama'a maƙil kamar Kwari ranar jajibere, sai dai babu mai yi wa wani magana.

Shagon gem ɗin da muka shiga tas yake, haske ta ko'ina. Kwalayen faifai jere reras a kan kantoci tun daga ƙasa har sama, amma duk fanko ne. Faifan suna cikin durowa a bayan mai sayarwa, sai ka biya a zura maka. Kuɗin kowane kaya a rubuce yake a ƙarƙashinsa. Babu tayi, babu albarka, babu "kawo kuɗin" bayan ka juya za ka tafi. Iri uku na PlayStation na tarar: mai ramin faifai a kusan fam 480, wadda ba ta cin faifai sai dai ka sauke gem daga intanet, da kuma Pro da ta fito a watan, fam 700, ita ma ba ramin faifai sai ka saya daban. Can gefe ga Xbox Series S a fam 250, ga kuma Nintendo Switch da aka jera wa ƙananan yara. Mai faifai na ɗauka, domin faifai idan yaro ya gaji da shi ana sayarwa ko a yi musaya, kuma akwai na hannu masu sauƙi, alhali sabon gem yana kaiwa fam 70. Abin da ka sauke daga intanet kuwa ya zauna ke nan a asusunka.

Na ce wa yaron ya zaɓi gem biyu. Ya kawo na ƙwallo, ya kawo Grand Theft Auto V. Ban ko duba ba, na bi layi. Da muka iso gaba, yarinyar da ke karɓar kuɗi, Baturiya da ba za ta wuce shekara 20 ba, ta ɗaga kwalin, ta kalli ɗana, ta kalle ni. Ta tambaya ko gem ɗin nasa ne. Na ce nasa ne. Sai ta sa yatsa a kan wani jan tambari a ƙasan kwalin mai ɗauke da lamba 18, ta ce da murmushi, cikin ladabi kuma, wannan na manya ne, akwai kisa da batsa da ƙwaya a ciki. Ta ce ni baligi ne, ina da ikon saye, amma tana so in san abin da zan kai gida. Mutum kusan goma ne a bayana, kowa yana ji.

Wallahi raina ya sosu. Yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba ita ce za ta koya mini tarbiyyar ɗana, a gaban mutane, yaron da na tsaya a kansa har ya haddace izu biyar? Abin da ya ƙara mini zafi, ɗan nawa ya ja hannun rigata ya ce, "Abba, ai kowa a ajinmu yana yinsa." Da Turanci ya faɗa. Na haɗiye fushina, na ce ta ajiye shi, na biya sauran muka fito.

A bas na yi shiru har muka sauka, don gaskiya ɗaci gare ta: yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Tambarin da ta nuna mini na wani tsari ne da ake kira PEGI, wanda ƙasashen Turai suka fara aiki da shi a 2003. Kowane gem yana da lamba: 3 da 7 kore ne, 12 da 16 ruwan goro, 18 ja. A bayan kwali kuma akwai ƙananan hotuna da ko ba ka iya Turanci ba za ka gane: dunƙulallen hannu na faɗa ne, gizo-gizo na ban tsoro, sirinji na ƙwaya, hannu riƙe da kati yana nufin za a nemi kuɗinka a cikin wasan. Tun 2012 doka ce a Birtaniya, laifi ne mai shago ya sayar wa yaro gem mai 12 ko 16 ko 18 idan bai kai shekarun ba. A cikin na'urar ma uba zai iya buɗe wa yaro asusu na daban, ya ƙayyade awa nawa zai yi a rana, nawa zai kashe, da wa zai yi hira. A wannan fanni sun fi mu, ban musa ba. Mu da muka taso a Kano wa ya taɓa duba mana bayan kwali? Faifan kwafi ne a cikin leda, na'ura tokumbo ce da aka yi wa gyara don ta ci kowane faifai. Mortal Kombat muka buga ana tsinke kawuna jini yana tsartuwa, Grand Theft Auto ɗin nan ma na San Andreas mun buga shi muna 'yan sakandare.

To amma tun daga ranar wata tambaya ta tsaya mini a rai. Idan har tsarinsu ya kai haka, me ya sa ni da na taso ba tambari ba doka nake jin na fi ɗana samun kariya?

Wata guda da kawo na'urar na samu amsa a ƙofar ɗakinsa. Na leƙa na same shi zaune a bakin gado, fitila a kashe, hasken talabijin kawai a fuskarsa, ya toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, yana ta dariya da wasu mutane da ban san su ba, shi ma bai taɓa ganin fuskarsu ba. Na yi sallama sau biyu bai ji ba. Gem ɗin da yake yi lambarsa kore ce, doka ta gamsu, PEGI ta gamsu. Ƙanwarsa tana falo ita kaɗai da wayar uwarta. Gida ɗaya, kowa da duniyarsa. Kuma abin ba daga yaron ba ne, haka aka tsara kayan. Hannun buga gem ɗaya tak ake sa maka a kwalin, na biyu sai ka ƙara fam 60 da ɗoriya. Yawancin gem idan za ka buga da wani ta intanet sai ka biya kuɗin wata-wata. An gina kasuwar ne a kan yaro ɗaya a ɗaki ɗaya.

Mu kuwa gidan gem ɗinmu na Gwammaja shago ne guda, labulen buhu a ƙofa, benci biyu, talabijin uku masu ƙaton baya, PlayStation 2 uku, da ƙaramin janareto da ke kuka a waje. Naira 20 wasa, wanda aka ci ya biya ya tashi. Biyu ne ke riƙe da hannu amma mu goma sha ne a kansu, kowa koci, kowa alƙalin wasa. Idan ka ɗauki Najeriya a gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven kowa ya san dabararka: jefa wa Tijani Babangida a gefe ya tsere, don ba mai kamo shi, kuma muna alfahari ɗan Kaduna ne, yana cikin waɗanda suka ciyo mana zinare a Atlanta a 1996. Idan wani ya mayar da Roberto Carlos gaba sai gardama ta ɓarke har sai mai shago ya tsawatar. A wannan bencin na koyi a ci ni a gaban jama'a in tashi ba kuka, in dawo gobe. A nan na koyi jiran layi, da ranta wa aboki naira 10 ya cika kuɗin wasa. Kuma da an kira magariba mai shagon zai kashe janareto ko ana bugun fenariti ne, ya kora mu masallaci. Idan ka zo lokacin Islamiyya, kafin ka zauna labari ya kai gidanku, domin tela na kusa ya san ɗan gidan waye kai. Ɗa na kowa ne, haka unguwa ta ɗauke mu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban manta ba. Akwai yaran da suka riƙa zare canjin cefane, akwai waɗanda suka bar makaranta a kan gem, akwai manyan banza da ke zuwa da sigari, kuma iyayenmu sun tsani wurin har duka an sha a kansa. Amma ko ɓatancin a fili yake. Wanda zai lalata ka yana da suna da fuska da gida, yayanka zai iya zuwa ya same shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to a can ana ganin maɗaukin kanwar. A nan yana cikin kunnen ɗanka ƙarfe tara na dare, ba ka san ko yaro ne ko ƙato mai shekara 40 ba, ba ka san ƙasar da yake ba.

Tambarin ma da ake taƙama da shi ba komai yake kamawa ba. Gem ɗin ƙwallon da muka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, lokacin da muka saye shi a 2024 lambarsa 3 ce, wato ko ɗan yaye zai iya. Amma a cikinsa akwai sashen da ake sayen ƙunshin 'yan wasa a rufe da kuɗi na gaske, ba ka san wa za ka samu ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan ƙunshin caca ne, daga baya aka daina sayar da su da kuɗi a ƙasar. A Ingila suna nan. Mai gidan gem ɗinmu naira 20 ɗinsa kawai yake karɓa, ka buga ka tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtukan da take lissafawa. Ni dai a iya tasowata ban ga yadda yaro zai kwana yana gem ba a wurin da wuta ba ta tsayawa, kuɗi ya ƙare, kuma mutum takwas suna jiran ka tashi.

Shi ya sa yanzu idan 'yan uwa mazauna nan suka tambaye ni wane gem za su saya wa yara, nakan ce su duba lambar gaba, sannan su juya baya su duba mutum nawa ke iya bugawa a talabijin ɗaya. Wannan ta biyun ta fi damuna. Astro Bot da ya ci kyautar gem mafi kyau na 2024 yana da kyau ƙwarai, tsaf yake, lambarsa 7, amma mutum ɗaya ke yinsa, don haka a gidana sai dai a yi karɓa-karɓa. Sackboy mutum huɗu na iya shiga tare. Minecraft ana raba allo. It Takes Two ba ya ma yiwuwa sai da mutum biyu, amma lambarsa 12. Na ƙwallo kuwa na bar shi, sai dai na cire katin banki daga na'urar, na rufe hira da baƙi.

Na koma na sayi hannu na biyu, bayan wata biyu na ƙara na uku. Na cire na'urar daga ɗakinsa na kawo falo, abin da ya jawo kwana uku yana kumbure-kumbure. Na kafa doka irin ta Gwammaja: wanda aka ci ya miƙa hannu, an kira sallah a kashe. Sai kuma ta uku, wadda ita ce ta fi ba su wahala: duk wanda ke riƙe da hannu Hausa zai yi. Domin abin da ya tsaya mini a wuya a shagon nan, da na zauna na yi tunani, bai tsaya ga maganar Baturiya ba. Ɗana ne ya roƙe ni abu da Turanci a gaban mutane, ni kuma na amsa masa da Turanci ban ma lura ba. Yaron da kakarsa ke kira ta bidiyo daga Kano ta ce "Ina mijin nawa?" sai ya yi murmushi ya kalle ni in fassara masa.

Ran Asabar yanzu yaran gidaje biyu na Hausawa da muke haɗuwa a masallaci suna zuwa, ɗaya 'yan Zariya, ɗaya 'yan Maraɗi. Uwargida tana soya musu ƙosai ko ta yi ɗanwake. Falon ƙarami ne, yara bakwai, hannu uku, ihu har maƙwabciyarmu ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa. Hausar tasu a karye take, rabi da rabi, amma makon jiya na ji ɗana ya zura ƙwallo ya miƙe tsaye ya ce wa ɗan Maraɗin, "Tashi, an ci ka!" Ina kicin lokacin, na ajiye kofin da ke hannuna na tsaya ina saurare.

Da daddare na kira ƙanena a Kano na tambaye shi shagon nan na Gwammaja. Ya ce, "Yaya, ai an daɗe da mayar da shi shagon cajin waya da POS, amma akwai wani a bayan layinmu, PS4 ne da shi, yara cike kullum." Na ce ya gaya wa mai shagon ya ajiye mana wuri a benci, muna nan tafe hutun Agusta in Allah ya kai mu.