A daina haƙe mana hanya sau uku saboda aikin da rami ɗaya ya isa

Wallahi abin ya isa haka. A jami'ar nan ta Madina, hanya ɗaya ce ta haɗa ɗakunan kwanan ɗalibai da masallaci da ɗakin cin abinci, amma sai a haƙe ta don bututun ruwa, a mayar da ƙasa, a shimfiɗa kwalta, ba a jima ba masu kebul ɗin wuta su zo su yanke ta. Su ma suna kwashe kayansu, masu wayar intanet za su sauke nasu. Mu da muke aikin gini da wuta da famfo a nan Madina, ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka zo karatu daga Najeriya da Nijar da Ghana suna kwana suna tashi cikin wannan ƙura, mun san aiki ba haka yake tafiya ba. Jami'a tana buƙatar sababbin azuzuwa, kowa ya yarda. Amma ɗan kwangila yana rage wa kansa kashe kuɗi ne, wahalar kuma tana sauka a kan ɗalibin da ba shi da bakin magana.

Kafin katafila ta sa haƙori a ƙasa akwai aikin da ba a tsallakewa. A karɓo taswirar abin da ke binne daga sashen gyare-gyare. A bi layin da na'urar gano kebul, a shafa fenti a duk inda ta yi ƙara. Sannan a haƙa ramukan gwaji da hannu, da shebur, har ido ya ga kebul ɗin ko bututun, domin tsohuwar taswira takan nuna abu a nan alhali yana can gefe da mita ɗaya ko biyu. Inda aka tabbatar akwai kebul, inji ba ya matsawa kusa da shi ƙasa da rabin mita, leburori ne ke ƙarasawa. Wannan duka aikin kwana ɗaya ne ko biyu. Shi ne ake ƙyashin yi, sai a ce wa direba ya shiga kawai.

To, kebul ɗin da ke kai wuta taransfoma a ƙasar nan yawanci mai kilovolt 13.8 ne. Idan bokitin katafila ya cije shi, ran direba da na leburan da ke cikin ramin ne farko a cikin haɗari. Bayan nan duk ginin da ke kan wannan layi ya mutu. Kuma ba waya ba ce da za a murɗe a naɗe da salatif. Sai an kashe layin, an tabbatar babu wuta, an faɗaɗa ramin, an yanke inda ya lalace, an nemo ƙwararren mai haɗi ya yi haɗi biyu, a gwada, sannan a mayar. Yini guda ya tafi, wani lokaci har da darensa.

Injiniya, ka taɓa shiga ɗakin kwana a hawa na huɗu a watan Yuli bayan esi ya yi awa biyu a kashe? A waje zafi ya haura digiri 45. Bangon kankare ya sha rana tun safe, yana mayar da ita cikin ɗaki har tsakar dare. Ɗalibi ɗan gari zai shiga motarsa ya tafi gidan iyayensa. Yaron da ya zo daga Katsina ko Damagaram ina zai je? Sai ka gan su sun kwaso littattafai sun cika masallaci, wasu a kwance a baranda da jiƙaƙƙen tawul a ka, ga jarrabawa da safe. Ranar da wutar ta dawo ma ba a huta ba. Idan ba a kashe na'urori an riƙa kunna su rukuni-rukuni ba, ɗaruruwan injinan esi za su tashi lokaci guda, babban makunni ya sake faɗuwa. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, firizar da ke riƙe samfuri a digiri 80 ƙasa da sifili ba ta jure sa'o'i masu yawa babu wuta. In ba a ja mata layi daga janareta ba, aikin shekara na wani ɗalibi ya narke.

Ruwa ya fi ciwo. Ruwan da ake sha a Madina yawancinsa na teku ne da aka tace a Yanbu, aka turo shi a bututu tafiyar sama da kilomita 200, amma a nan sai a fasa bututu a bar shi yana kwarara a titi saboda babu wanda ya san inda bawul ɗin yankin, wato makullin rufe ruwa, yake. An binne shi a ƙarƙashin kwalta a aikin baya. Da aka rasa shi sai a rufe babban bawul, rabin jami'a ta rasa ruwan alwala saboda fashewa ɗaya. Idan an gyara, doka ita ce a wanke layin, a sa masa kulorin, a zubar da ruwan farko har ya fito garau kafin a buɗe wa tanki. Ba a yi. Bututun da ya fashe a cikin rami yakan zuƙo laka idan ƙarfin ruwa ya faɗi, lakar ta wuce tankin ƙasa, injin tura ruwa ya hau da ita tankin sama, ɗalibi ya buɗe famfo ya ga ruwa ja. Kuma in tankin ƙasa ya ƙafe aka bar injin yana juyawa babu ruwa, ƙonewa zai yi, a ƙara wasu kwanaki ana jiran wayit, wato tankar ruwa, ta kawo ruwa.

Ƙasar Madina ba yashi ba ce. Garin yana tsakanin harra biyu, baƙin dutse mai tauri, a wurare da yawa dole sai an ɗaura wa katafila guduma. Mun yarda da wannan. Mun kuma yarda da dokar da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. 'Yan'uwanmu leburori take karewa, kada a taɓa ta. Amma awa ukun nan ba a bayan tagar ɗalibi za a rama su da ƙarfe 11 na dare ba. Zuba kankare da dare yana da hujja, domin zafi na sa shi kamawa da wuri ya tsattsage. Fasa dutse ba shi da wannan hujja. A yi shi da safe, a nesa da makon jarrabawa.

Sai rufe rami. A shimfiɗa yashi mai laushi santimita 10 a ƙarƙashin bututu, a lulluɓe shi da wani, a ja ledar gargaɗi a sama, sannan a cika daki-daki, santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana dannawa da inji, a gwada ƙarfin dannawar kafin a zuba kwalta. Wanda ya tura ƙasa da duwatsu gaba ɗaya ya bi ta kai da tayar katafila, hanyarsa za ta lotsa da ruwan sama na farko, dutsen da ya bari kuma shi zai huda bututun. Ramin da ya wuce mita ɗaya da rabi yana son tokari a bango. Yana son shinge mai ƙarfi, da fitila, da gada mai abin riƙewa. Jan zare da falanki ɗaya ba su tsare ɗalibi makaho ko malami dattijo da ya fito sallar Asuba.

Ranka ya daɗe shugaban sashen ayyuka, abin da muke roƙo ba ya buƙatar sabon kasafi. A haƙa rami ɗaya, a tara masu ruwa da masu wuta da masu intanet su gama tare, a bar bututun roba biyu ko uku babu komai a ciki don kebul ɗin gaba. A liƙa sanarwar yanke wuta ko ruwa kwana uku kafin ranar, a ƙofar kowane ɗakin kwana, da awar farawa da ta gamawa, da Larabci da Turanci da Faransanci, domin sabon ɗalibin da ke matakin koyon harshe bai iya karanta Larabcin ofis ba tukuna. A ajiye janareta da tankar ruwa a wurin kafin a rufe layi. Kada kuma a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila sai ya miƙa taswirar abin da ya binne, da wurin kowane bawul, an je an buɗe murfin an gani da ido.