An rushe zauren gidanmu, sunan ƙanen kakana ya bi ƙasa

Satin da ya wuce na bi ta tsohuwar unguwarmu a cikin birni, wallahi sai da na tsaya na tambayi wani mai shayi ko nan ne, don gidan da aka haifi babana babu shi, an raba gado an sayar, yanzu shaguna ne na bulo jere da rufin kwano ana sayar da caja da rigar waya. Ban ga laifin magada ba fa, ni ma na karɓi nawa kason na kashe. Zauren nan ne ya tsaya min a rai. A cikinsa akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, kuma duk yaron da ya taɓa ta sai an ba shi labarin ƙanen kakanmu da aka ɗauka soja lokacin yaƙin Hitila aka kai shi Burma bai dawo ba. Na tambayi ƴan uwa ina adakar, wannan ya ce tana wajen wane, wane ya ce ai ƴan gwangwan aka ba. Shi ke nan.

To wannan ne ya sa nake rubutun nan. Mu Kanawa akwai mu da alfahari da tarihi, ka taɓa mutum kaɗan ya fara maka Bagauda da Rumfa, amma ka ce ya faɗa maka sunan mutum biyar ƴan unguwarsu da suka mutu a fagen daga, sai ka ji shiru. Kowace 15 ga Janairu ana bikin ƴan mazan jiya, manya su sa furanni a saki tattabaru a yi fareti a watse, ni dai ban taɓa jin an tsaya an karanto sunaye unguwa-unguwa ba.

Kuma mutanen nan da yawa suke. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi da Japan a dazukan Burma cike suke da ƴan Arewa, har Hausa ce ta zama harshen bariki. Sun bi kwarin Kaladan da kaya a ka, inda mota ba ta shiga, jirgin sama ke jefo musu abinci, ga ruwan sama ga zazzaɓi, a Janairun 1945 suka karɓe Myohaung. Sunayen nan har yau muna faɗarsu ba mu san daga ina suka zo ba: barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga wancan yaƙin ne. Wuraren da aka yi yaƙin sun samu bariki, waɗanda suka mutu a can ko allo ba su samu a garinsu ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai da sunan mutum wajen 27,000 da ba a san kabarinsu ba, akwai namu a ciki. Matsalar ita ce yadda Bature ya rubuta su, sunanka da sunan garinku kawai, Audu Kano, Garba Katsina, Musa Sakkwato. Audu Kano nawa ne a duniya? In ba gidansu ne suka riƙe cewa wane ɗan wane ne, ga shekarar da ya tafi, ga lambarsa, to ba mai iya haɗa sunan da ke jikin dutsen nan da mutum. Ita ma hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila a 2021 ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin duniya na ɗaya, galibi ƴan Afirka, ba a rubuta sunansu ba sam.

Kar ma a je nesa. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 da Turawa suka shigo Kano, Sarki Alu yana Sakkwato, Sarkin Shanu ne ya tsaya da ƴan mutanensa a gidan sarki har aka kashe shi. Bayan ƴan makonni Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Su biyun mun san su don masu sarauta ne. Sauran fa? Masu dawakin da suka tunkari bindiga mai ruwa da takobi da mashi, ai kowannensu daga wani zaure ya fito, wata ta yi masa takaba. Shi kansa Alu a Lakwaja, inda Turawa suka tsare shi, ya rasu a 1926, Kanawa nawa ne suka taɓa zuwa?

Gidajen da muka adana ma ku duba su. Gidan Makama na zamanin Rumfa, yanzu gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, na Bature Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909, shi ma yana nan ana kai ƴan makaranta. Madalla, ina son su, na sha zuwa. Amma gidan sarauta ne da gidan Bature. Gidan malami, gidan fatake, gidan marina, gidan da soja ya fita bai dawo ba, waɗannan kullum damina tana cin su ko magada su sayar, da azararsu da zankwayensu da zanen dagi a bakin ƙofa, magina masu iya tubali da makuba kuma suna ta ƙarewa. Badala ma da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 kowa na gani ana yanka ta ana fuloti.

Na san wani zai shigo ya ce Malam ai mu Musulmi ba ma gini a kan kabari. Gaskiya ne, ni ma ban ce a yi gunki ba. Rubuta suna a littafi ai ba gini ba ne, mu da muka haddace sunayen mutanen Badar da shahidan Uhudu tun muna allo. Littafi ɗaya a hannun mai unguwa, ko allo a jikin zaure, wane ɗan wane, ya tafi shekara kaza, a yi masa addu'a. Har da na yaƙin basasa, da na Laberiya da Saliyo, da yaran da ake kawo gawarsu daga Borno yanzu. Kuma duk mai shirin rushe tsohon gida, don Allah ya ɗauki waya ya yi masa hoto ciki da waje kafin lebura ya sa diga, minti goma ne.

A gidanmu saura gwaggo ɗaya da ta san ƙanen kakan namu da ido, tana yarinya lokacin da ya zo sallama cikin kaki, ta haura tamanin da biyar kuma kunnen ya fara nauyi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan je mata da goro da waya cike da caji. In akwai wanda adakar nan take hannunsa a cikin ƴan uwa, ba rigima zan yi ba, takardun ciki kawai nake son gani.