Zaki da babbar rigar Baba

Kun dai san Zaki, karen da ƙanena ya jibge mini ya tafi haƙar zinariya. Da daminar nan ya fara kaɗa kai kamar mai hawan bori, yana sosa kunne da ƙafar baya har wajen ya yi jawur, ga wari irin na daddawar da aka manta a rufe. Uwar Nana ta ce in zaɓa, ko ita ko kare.

Na fara da tsinke mai auduga, na bi da gashin kaza. Mai shayin bakin layinmu, mutumin Tibirin nan, ya ce in ɗiga baƙin mai na moto, wai haka suke wa jakai. Allah ya taimake ni ban bi ba. 'Yan kabu-kabu uku suka ƙi ɗaukar mu, haka muka tako a ƙafa daga unguwar Zariya har wurin likitan dabbobi, ni da igiya, yara na biye.

Likita ya leƙa kunnen da 'yar fitilarsa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne kamar namu, yana gangarawa ƙasa sannan ya karya kwana kamar gwiwar hannu, saboda haka duk tsinken da na cusa dannar dauɗa na yi zuwa dodon kunne, irin yadda ake danna gyaɗa a buhu. Ya lakato kaɗan ya duba a madubin likita, ya ce yis ne ya yi yawa saboda laima, ba ƙananan ƙwarin kunne ba, kuma dodon bai fashe ba, da ya fashe ba kowane magani ake ɗigawa ba. Ya ba ni kwalba biyu, ta wanki da ta ɗigawa. In cika ramin da ruwan wankin, in murza gindin kunnen kamar daƙiƙa 30 har in ji yana cakal-cakal, in sake shi ya kaɗa kai, in goge abin da ya fito da auduga a yatsa. Sai ya ƙara da cewa: "In za ka sake shi, ka ja baya." Na ce to.

Ranar Juma'a, wajen sha biyu da rabi, ina ƙofar gida na matse Zaki tsakanin gwiwoyina, na cika kunnen taf, ina murzawa, cakal-cakal na tashi yadda aka ce. Sai na ji sallama a kaina. Baban Uwar Nana ne, ya biyo mu tafi masallaci tare, cikin farar shadda babbar riga, wadda aka ɗinka masa don auren autarsu, sitaci na ƙara.

To ku gaya mini, wa ke gaida surukinsa a tsaye da kare a tsakanin ƙafafu? Jikina ne ya durƙusa da kansa. Gwiwoyi suka buɗe. Na kai "Baba, ina wu..." Zaki ya kaɗa.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin abin a hankali. Kunnuwan suna fat-fat-fat, ruwan ƙasa-ƙasa yana tashi kamar feshin maganin gona, ya fara daga gefen rigar, ya hau aikin wuya, ya kai hula. Ni da ke durƙushe, fuskata daidai kan kare, nawa rabon a baki da ido na same shi. Ɗigo ɗaya ya sauka a gilashin Baba ya fara gangarowa. Muka bi shi da kallo, ni da shi. Ban tashi ba, ban ƙarasa gaisuwar ba, abin da ya fito daga bakina shi ne: "Likita ne ya ce, Baba." Ya cire gilashin, ya duba, ya ce: "Madalla. Ya mai jikin?"

Duk wannan da sauƙi da ba don mai shayi ba. Ya bar tukunya a wuta ya tsallako, wai sai an wanke rigar sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na ce malam, wannan hukuncin ƙwaryar da kare ya sha ne, ba shadda ba. Ya ce ai da na sa baƙin mai da tuni an wuce wurin. Mutumin da nake bi dala ɗari biyu tun azumin bara, kullum in na yi magana ya ce in sha shayi a ciki, kuma shayin nasa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Yanzu duk wanda ya zauna bencinsa sai ya kwaikwayi durƙusona, har da kaɗa kai.

Baba ya tafi masallaci da tsohuwar jallabiyata, ta tsaya masa a ƙwauri. Rigar tana wurin mai wanki. Yau kwana tara ina ɗiga maganin, a bayan gida, da tsohon buhu a jiki. Warin ya ragu sosai. Likita ya ce in mayar da shi a sake dubawa kafin in daina, ina dai neman mai amalanken da zai yarda.