Ana kukan tsadar yuriya, amma wa ya duba ganyen shinkafar?

Duk shekara waƙar ɗaya ce, taki yayi tsada, gwamnati ta kawo tallafi. Gaskiya ne yayi tsadar. Amma buhun yuriyan nan da manomi ya ci bashi ya siyo, shinkafar bata shan ko rabinsa, masu bincike sun daɗe suna cewa wajen kashi 1 cikin 3 ne kawai yake shiga jikin shukar, sauran iska ta kwashe ko ruwa ya wanke. Ni dai a ganina wani babban ɓangare na matsalar yana jikin irin da ake shukawa.

A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, dake Filifins ta fitar da irin shinkafa mai suna IR8, an haɗa Peta ta Indonesiya da wata gajeriyar shinkafa daga Taiwan, ta fito gajera, ganyenta a tsaye cak. Tsayuwar ganyen nan ita ce sirrin, don mafi yawan naitirojin (sinadarin da yuriya ke bayarwa) da shuka ta sha cikin ganye yake tafiya, can ake haɗa abinci da hasken rana, to in ganyen sama ya lanƙwaso ya yiwa na ƙasa inuwa kaga na ƙasan ya ci taki a banza kenan bai yi aikin komai ba. Ga shi kuma gajera ce, ko an zuba mata taki bata kwanciya. Sai dai ƙwayar halittar (gene) da ta sa ta gajarta, wato sd1, ta zo da nata haraji: irin baya iya zuƙar naitirojin sosai sai an yi ta ɗura masa. Sai a 2018 ne Fu Xiangdong da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka nuna cewa in aka ƙarfafa wata ƙwayar halittar, GRF4, shukar zata riƙe gajartarta kuma ta fi cin moriyar takin.

Kada kuma don an yabi tsayayyen ganye wani ya ɗauka siririn ganye ne kawai mai kyau. Akwai ƙwayar halitta NAL1, wadda ita ke da ruwa da tsaki a faɗin ganye, wani nau'inta da aka samo daga shinkafar gargajiya ta Indonesiya, aka sa masa suna SPIKE a 2013, faɗaɗa ganyen sama yayi, zangarniya ta ƙara ƙwaya, amfani ya ƙaru. Kuma ta hanyar barbarar iri aka shigar da shi, irin wadda aka saba, don haka masu ɗar-ɗar da GMO (irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji) su kwantar da hankali.

Inda nake ja da baya shine a ɗauko sakamakon gonakin Sin a ce zai yi aiki a Kura ko Haɗeja ko Argungu. Su can taki ne yayi musu yawa suke neman ragewa, mu nan manomi da ƙyar yake haɗa na zubin farko balle na biyu. Irin da muke buƙata shine wanda zai bada amfani a ƙasar da ta gaji da ɗan takin da ya samu, kuma wannan sai an gwada a fadamunmu, a jikin irinsu FARO 44 da manoma suka riga suka yarda da shi. Muna da cibiyar binciken hatsi ta ƙasa a Badeggi da aikinta kenan. Cikin kuɗin da ake warewa tallafin taki duk damina, a yanko mata wani abu ta yi wannan gwajin mana.