Wayar da ka yanke tana nan rataye a rumfata

Akwai wata guntuwar waya da na rataye a ƙusa a bakin rumfata, nan Yelwa cikin Garwa. Robar jikinta ta narke ta manne da tagullar, ɗaya bakin kuma an datse shi da filaya. Duk wanda ya zo gyara sai ya tambaye ni ta mece ce, ni kuwa sai in ce ajiyar wani ce. Mai ita ya san kansa. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Bara, kafin faɗuwar damina, wani Alhaji mai ƙaramin jirgin faiba a tafkin Lagdo ya kira ni. Jirgi ne mai rumfa da gilashi biyu a gaba, kowanne da injin waifarsa, yana ɗaukar mutane da kwandunan banda daga tungayen masunta zuwa bakin gaɓa. Direbansa ya ce mini, "Malam, ni ba ruwan sama ne kaɗai ke damuna ba, feshin igiyar ruwa ne. Ina son maɓallin da zan taɓa sau ɗaya, waifa ta share sau ɗaya, ta koma ta kwanta." Na yi kwana biyu a kan aikin. A kwana biyun nan akwai wanda ya zo ya tsaya a kaina, ya sha shayina, yana leƙen hannuna. Da ya koma gari sai labari ya iso mini cewa wai ina da nawa, wai ina tsawwala kuɗi, wai abin da za a gama kafin la'asar na mayar da shi aikin gina madatsa. Na ji, na yi shiru.

Bana ga shi an kawo mini aikinka, kai mai leƙen, irin maɓallin nan da ka kwaikwaya a wani jirgi.

Tun da dai leƙe ka yi ba tambaya ba, bari in faɗa maka abin da ido bai nuna maka ba. A cikin injin waifa akwai wani faifai da ke juyawa tare da giya. Idan direba ya kashe makunni alhali waifar tana tsakiyar gilas, faifan nan ne ke ci gaba da ba injin wuta har ta kai makwancinta. Da ta kai, sai ya yanke wutar, ya haɗa wayar injin da baƙin kan batir, injin ya ci birki nan take. Shi ya sa a kan injinan da ke bin lambobin Jamus za ka ga an rubuta 53 a wayar tafiyar hankali, 53b a ta sauri, 53a a wadda ke kawo wutar komawa makwanci, 31 kuma ita ce mai komawa batir. Lambobin nan suna jikin soket, ko yaron shago zai iya karanta su in ya goge maiƙon da babban yatsa.

To a nan ka faɗa rami. Waifa tana kwance, wayar 53 tana haɗe da baƙin kan batir ta hanyar faifan, kai kuma ka jawo jar waya ka bi da ita ta maɓalli ka ɗora a kan 53 ɗin kai tsaye. Ana dannawa, ja da baƙi sun gamu, fis ya tsinke. Ka sa wani, ya tsinke. Fis yana gaya maka akwai matsala, sai ka ɗauke shi abokin gaba. Ka datse wayar makwanci, ba 53a ba, wadda ke fitowa daga faifan ta koma makunni, don a daina gamuwa, sannan ka naɗe ƙafafun fis ɗin da zaren tagulla don kada ya sake ba ka kunya a gaban mai jirgi. Na gani da idona, naɗi huɗu, har ka murɗe bakin da kyau.

Abin da na ɓoye a bayan allon direba bara, wanda ba ka gani ba, rile ne, wato makunnin da wuta ke kunna shi ba hannu ba, mai ƙafa biyar, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan mota. Ƙafa 30 tana zuwa injin, 87a tana riƙe da wayar makwanci, 87 tana jiran wuta. Ana danna maɓalli, rile ya saki wayar makwanci tukuna kafin ya ba da wuta, ana sakin maɓalli ya mayar wa faifai da ragamar. Shi ke nan sirrin. Kuɗinsa bai kai na naman da ka ci ranar da aka biya ka ba.

Sauran ɓarnar ba sai na daɗe a kanta ba. Ka haɗa injina biyu a makunni mai hanya ɗaya, alhali ba sa tafiya daidai, in ɗaya ya kai makwanci ɗayan na tura masa wuta ta baya. Ka ɗaure baƙar waya a ƙarfen firam ɗin gilas kamar a jikin mota kake, ka manta faiba ba ta ɗaukar wuta, dole waya ta koma batir da ƙafarta. Haɗin wayoyin kuma murɗawa ka yi ka lulluɓe da salatif, a wurin da danshi ba ya ƙarewa, har sun yi kore.

Abin da ya hana ni barci dai shi ne labarin da direban wancan jirgi ya ba ni. Yaro ne, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Ya ce cikin watan Agusta hadari ya taso musu suna tsakiyar tafki da yamma. Duk wanda ya san Lagdo ya san abin da nake nufi. Tun da 'yan Sin suka gama madatsar nan a 1982 suka tare Binuwai, ruwan ya zama fili mai faɗin da iska ke samun wurin gudu, ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, ga tarun masunta, ga dorina a wasu lunguna. Ya taɓa maɓallinka, waifa ta tashi ta tsaya cak a tsakiyar gilas, daidai saitin idonsa. Ya kunna babban makunni, sai ya ji ƙaurin roba yana fitowa daga ƙarƙashin allo, kuma jarkar fetur tana bayan ƙafarsa. Ya ce, "Wallahi Baba, hannu ɗaya na riƙe sitiyari, ɗaya na fizge wayar batir." Sauran tafiyar da hularsa ya riƙa goge gilas, yana miƙa hannu ta gefe. A cikin jirgin akwai mace da goyo. Da yake ba ni labari hannunsa na rawa, kofin shayin ma ajiye shi ya yi bai sha ba.

Mota in ta yi haka sai a gangara gefen titi a buɗe ƙofa a fita. A tsakiyar Lagdo ina za a gangara?

Mai jirgin ya matsa mini in gaya masa ko aikin banza aka yi masa. Na ce, "Alhaji, a bar maganar, a gyara." Ban ambace ka ba, ko da yake na gane hannunka tun daga yadda kake murɗa waya ta hagu. Na rufa maka asiri saboda kana da iyali, kuma garin nan ƙarami ne. Sai ga shi jiya an ce kana zaune a wurin mai shayi kana cewa ni ke bin bayanka ina ɓata maka suna don in ƙwace maka masu jirage. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ni masu jiragen da nake da su sun ishe ni, kuma da ƙafarsu suka zo.

Na zare wayarka duka, na sa sabuwa mai kauri, kowane inji da hanyarsa a makunni mai hanya biyu, da fis ɗinsa, da rilensa, baƙar waya ta tafi har batir. Na ce wa yaron kada ya kunna waifa a busasshen gilas in hunturu ya shigo, ƙurar nan tana karce gilas tana cinye roba, ya fara watsa ruwa tukuna. Muka fita gwaji da safe, ya taɓa maɓalli sau goma, sau goma tana sharewa tana komawa ta kwanta.

An ce akwai wasu jirage biyu da ka taɓa a bakin gaɓar nan. Su ne dalilin wannan rubutu. Ka je ka buɗe allonsu kafin ruwan Satumba ya ƙare, ka cire zaren tagullar nan daga fis. In kunyar rana kake ji, ka zo bayan isha'i, ina rumfa har ƙarfe tara. Zan zana maka rilen a bayan kwali, in ba ka guda biyu bashi, in kuma kana son wayarka ka ɗauka, tana ƙusa ta uku daga ƙofa.