Wa ke taɓa mini littafi?

Ni ba matsoraci ba ne, a tambayi kowa a layinmu. Amma tun da wani abokina ya ara mini fassarar Turanci ta littafin Sebastian Fitzek na farko, wanda ya fito da Jamusanci a 2006 da sunan Die Therapie, sai na leƙa bayan ƙofa nake kwanciya.

Labarin wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Berlin, Viktor Larenz, da 'yarsa mai shekara 12 ta ɓace, ko sama ko ƙasa. Bayan shekara 4 ya tattara ya koma wani tsibiri don ya huta da mutane, sai ga wata marubuciya ta biyo shi, wai mutanen da take ƙirƙira a labaranta suna fitowa su tsaya mata a gaba. Ga guguwa ta hana jirgin ruwa zuwa. Babu wani harbe-harbe, marubucin kawai zai yi ta juya maka hankali har ka daina yarda da kowa, har da shi likitan. Babobin gajeru ne, kowanne kuma sai ya yanke daidai inda ba ka iya ajiyewa. Mugunta ce tsagwaronta.

Da dare nake karatu, da fitilar waya idan an ɗauke wuta, alamar shafina kuwa wani tsohon rasit ne na kuɗin makaranta. To, sai rasit ya fara tafiya. In bar shi nan, in dawo daga shago in tarar ya yi gaba. Rannan na ga ɗigon manja a gefen shafi, ni kuwa ba na karatu da abinci. Can gaba kuma an ja layi da biro a ƙarƙashin sunan matar nan.

Mai hankali zai tambayi mutanen gida. Wanda ya kwana da Fitzek kuwa, kansa zai fara zargi. Na je wurin mai kemis na ce wani abokina ne ke tashi cikin barci yana karatu, har yana cin abinci bai sani ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a gaya wa abokin ya rage shayin dare. Daren nan na barbaɗa garin tuwo a gaban durowa don in ga sawun kaina da safe. Kafin in dawo daga sallar asuba Maman Ummi ta share, tana tambayata ko na san nawa mudu yake yanzu.

Ranar da asiri ya tonu, makulli na manta na dawo gida da azahar. Tun daga zaure na ji muryarta a tsakar gida. Matan maƙwabta sun zagaye ta suna tsince shinkafa, ita kuma tana zuba musu labarin da Hausa, har da canza murya. Larenz ya koma "likita bawan Allah". Wata ta tafa hannu ta ce wallahi wannan baƙuwar mayya ce, shi ma da gangan, wa ya ce ya buɗe mata ƙofa?

"Baban Ummi, ai ni tuni na gama," in ji ta bayan sun watse. "Kai ne ka cika saiɓi. A ƙara kuɗin cefane, ko yanzu in faɗa maka inda yarinyar take."

Na ƙara, har da na nama.

Abin da ban lissafa ba shi ne matan nan suna da mazaje. Muna fitowa daga sallar isha'i maƙwabcina ya riƙo hannuna yana murmushi: "Malam, ashe likitan nan naku..." Na fizge, na toshe kunnuwa, na yi gida da takalmi ƙafa ɗaya. Yanzu masallacin bayan layi nake zuwa, can ma na lura ladan ya fara yi mini wani irin kallo.