"Ai ya buɗe a Chrome" ba hujja ba ce

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai gina shafin intanet ya ce ai ya buɗe a Chrome, don haka lafiya lau yake. Haba! Burauza, wato manhajar buɗe shafi irin su Chrome, rufa maka asiri kawai take yi. A HTML, harshen da ake rubuta shafi da shi, in ka cusa alamar div (akwatin tara abubuwa) a cikin alamar p (sakin layi), da kanta za ta rufe p ɗin kafin div, alamar rufewar da ka rubuta ta rasa abokin tafiya, sai ta ƙirƙiro wani p fanko. Kai kuma ka kwana kana zargin CSS, wato dokokin kwalliyar shafin.

Danna maɓallin F12, mai buɗe kayan binciken shafi, ba ya tona wannan, domin ginin da burauza ta riga ta gyara yake nuna maka. Ainihin rubutunka yana fitowa ne in ka danna Ctrl+U, burauzar Firefox har ja yake shafa wa inda ya karkace.

Kwafe rubutun ka liƙa a validator.w3.org, shafin da ke duba kurakuran HTML. Tsawon jerin kurakuran kada ya firgita ka. Gyara na farko ka sake gwadawa, don alama ɗaya da ba a rufe ba takan jawo wasu a bayanta. Kuma don Allah a daina maimaita id, wato sunan da ya kamata alama ɗaya tak ta mallaka a shafi: getElementById, umarnin da ke nemo alama da id ɗinta, na farkon kaɗai zai ɗauko, label ɗin fom (rubutun da ke faɗin sunan akwati) kuma ya manne wa akwatin da ba nasa ba.